Cinikin Taurari Ba Ya Sayen Kofi a NFL

Da zarar watan Oktoba ya raba tsakiya, masu bibiyar ƙwallon zari-ruga ta Amurka ba su da wata hira sai ta wanda za a sayar da wanda za a saya. A gasar NFL ana rufe kasuwar musayar 'yan wasa ne ranar Talatar da ta biyo bayan mako na 9, wato farkon Nuwamba, kuma kafin ranar ta zo kusan babu wani tauraro da raɗe-raɗi bai kai shi gari uku ko huɗu ba. Ana rufe kasuwar kuma sai a koma hasashen wanda zai ɗaga kofin Super Bowl a watan Fabrairu. Ni a ganina wannan hayaniya sana'a ce mai zaman kanta, kuma abin da take gaya mana game da wanda zai ci kofi ɗan kaɗan ne.

Wanda ya saba da Firimiya ko La Liga sai ya fara ajiye abin da ya sani a gefe. A NFL ba a zuwa da jakar kuɗi a ɗauke ɗan wasa yadda Real Madrid ke yi. Abin da ake biya da shi galibi guraben zaɓe ne: kowane watan Afrilu ƙungiyoyi 32 kan zauna su raba matasan da suka fito daga jami'o'i, zagaye bakwai, kuma wadda ta fi shan kashi a bara ita ke fara zaɓa. Idan ka ba da gurbinka na zagayen farko don ka karɓi tauraro yau, ka sayar da matashin da zai yi maka aiki shekara huɗu ko biyar a kan albashi mai sauƙi. Ga kuma iyakar albashi da ta hau kan kowa, wadda a 2025 ta tsaya a dala miliyan 279.2. Ko attajirin da ya fi kowa kuɗi ba shi da ikon tsallake ta.

To daga ina raɗe-raɗin ke fitowa? Galibi daga bakin masu moriya. Wakilin ɗan wasa na son a ƙara wa yaronsa albashi, sai ya raɗa wa ɗan jarida cewa ƙungiyoyi uku sun bugo waya. Manajan ƙungiya na son farashi ya tashi, sai ya saki labarin cewa akwai wani mai saye a bakin ƙofa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da dillali a kara ya san wannan salo. Manyan masu kwarmato irin su Adam Schefter na ESPN da Ian Rapoport kan riga kowa kawo labari, kuma idan sun ce an ƙulla ciniki, to an ƙulla. Amma kusancin da ke ba su labari yana da farashi. A 2021 an bankaɗo wani saƙon imel na 2011 inda Schefter ya tura wa Bruce Allen, jami'in ƙungiyar Washington a lokacin, labarin da ya rubuta don ya duba kafin a buga. Sannan tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe ƙofar cacar wasanni a 2018, kuma NFL da kanta ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin caca a 2021, kowane ɗan ƙishin-ƙishin ya zama abin da ke motsa kuɗi.

Mu duba abin da tarihi ya nuna. Cinikin da har gobe ake misali da shi shi ne na Herschel Walker a Oktoban 1989. Minnesota Vikings ta ɗauka saura mutum ɗaya ta kai ga kofi, sai ta zuba wa Dallas Cowboys 'yan wasa da tarin guraben zaɓe ta karɓe shi. A shekarar Dallas wasa ɗaya kacal ta ci cikin 16, mutanen gari kuwa suna ta zagin koci Jimmy Johnson cewa ya sayar da mutumin kirki ɗaya tilo da suke da shi. Da waɗannan guraben aka samo Emmitt Smith da Darren Woodson, kuma Dallas ta ɗauki Super Bowl a kakar 1992 da 1993 da 1995. Walker bai kai cikakkiyar shekara uku a Minnesota ba, ita kuwa Vikings har yau ba ta taɓa ɗaga kofin ba.

Darasin bai shiga ba. A Maris ɗin 2022 Denver Broncos ta bai wa Seattle guraben zagayen farko biyu da na biyu biyu da 'yan wasa uku don ta samu Russell Wilson, ta kuma rattaba masa kwantiragin dala miliyan 245. Bayan kaka biyu ta sallame shi, ta ci gaba da ɗaukar nauyin dala miliyan 85 a lissafin albashinta saboda mutumin da ke yi wa wata ƙungiya wasa. A wancan Maris ɗin na 2022 dai Cleveland ta ba da guraben zagayen farko har uku ta ɗauko Deshaun Watson a kan dala miliyan 230 da dole ta biya ko ya taka rawa ko bai taka ba. New York Jets ma ta kawo Aaron Rodgers a 2023, masu hasashe suka yi ta kaɗa mata ganga. A yunƙuri na huɗu na wasansa na farko jijiyar agararsa ta tsinke.

Za a ce mini ai Von Miller fa? Gaskiya ne, Los Angeles Rams ta karɓo shi daga Denver a Nuwamban 2021, bayan wata uku ta doke Cincinnati da 23 da 20 ta ɗauki kofi, shi kuma ya kayar da mai jefa ƙwallon abokan hamayya sau biyu a wasan. Christian McCaffrey ma ya tashi daga Carolina zuwa San Francisco a Oktoban 2022 ya yi abin a zo a gani. Amma dukansu biyu sun tarar da gida ne a gine. Miller ya je ya samu Aaron Donald a layin tsaro, aikinsa kuma a bayyane yake, ya bi mai jifa ya kayar. Wanda aka kawo a tsakiyar kaka ya jagoranci hari kuwa sai ya haddace kundin dabaru mai ɗaruruwan tsare-tsare cikin 'yan kwanaki, da mutanen da bai taɓa yin atisaye da su ba.

Maganar hasashe ta fi wannan rauni. Ƙungiyoyi 14 ne ke shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, kuma ba gida da waje ake yi ba, wasa ɗaya ne. A kakar 2007 New England Patriots ta ci wasanninta 16 duka, ta je wasan ƙarshe, New York Giants da ta sha kashi sau shida a kakar ta doke ta da 17 da 14. Cikin 'yan Giants da suka hana mai jifan Patriots, Tom Brady, sakat a ranar har da Osi Umenyiora, ɗan asalin Najeriya. Bayan shekara goma Philadelphia Eagles ta rasa mai jifanta Carson Wentz a watan Disamba, aka gama yi mata jana'iza a talabijin, sai ɗan benci Nick Foles ya kai ta ga kofi da 41 da 33.

Idan aka matsa mini in yi hasashe, ba jerin sababbin zuwa nake dubawa ba. Rahoton masu rauni da dokar gasar ta tilasta wa kowace ƙungiya ta fitar duk mako nake karantawa, sannan in dubi ƙattin layin gaba da ba a cika ambaton sunayensu ba. A Fabrairun 2025 Eagles ta lallasa Kansas City da 40 da 22, ta kayar da mai jifan Kansas City, Patrick Mahomes, sau shida, kuma Jalen Carter da Jordan Davis da Josh Sweat da Milton Williams da suka tare masa numfashi duk ita ta zaɓo su da hannunta tun suna sababbin fitowa daga jami'a.

Abin da nake zuba wa ido yanzu shi ne Dallas. Jerry Jones, wanda ya sayi ƙungiyar a 1989, ya sake sayar da gwarzonsa a Agustan 2025: ya miƙa Micah Parsons ga Green Bay ya karɓi Kenny Clark da guraben zagayen farko biyu. Magoya baya sun yi ta kumfar baki, ni kuwa ban ga laifin cinikin ba. Damuwata ita ce wanda zai juya guraben, domin Jimmy Johnson ya bar Dallas tun 1994, kuma rabon ƙungiyar da ko wasan kusa da na ƙarshe tun kakar 1995.