Rufe makarantu: Nauyin da ke wuyan gidajen rediyo

Washegarin sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, ranar 11 ga Disamba, 2020, gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ba da umarnin rufe makarantun kwana na jihar. Irin wannan umarni ba ya aiki sai ya isa kunnen iyaye, kuma a karkara rediyo ne ɗan aike.

A nan gizo ke saƙar. Tashar da ta yi gaggawa tana iya karanta takardar bogi da ke yawo a WhatsApp, ta tayar da hankalin gari a banza. Wadda ta tsaya jiran tabbaci daga Ma'aikatar Ilimi kuwa, kafin ta buɗe baki 'yan makarantun jeka-ka-dawo sun kama hanya, ɗan kasuwa ya buɗe shago, ma'aikaci ya isa ofis.

Mafi muni shi ne a cusa maganar tsakanin sanarwar ɗaurin aure da cigiya, a karanta sau ɗaya a wuce. Uban da zai nemo kuɗin mota zuwa wata ƙaramar hukuma yana buƙatar jin sunan makaranta da ranar ɗaukar yara, a riƙa maimaita masa tun bayan sallar Asuba.