Wanda bai gina ɗakin karatu ba, kada ya rushe zauren WhatsApp

Jama'a masu saurare, na gida da na nesa: mutanen El Alasan Mairairai, Isawan, Cake, Kanambakashe, Urafan, Tasawa da Mayahi, da ƴan ciranimmu da ke bin mu daga Agadas, Libiya, Aljeriya da Kano. Yau a rubuce na zo maku, don maganar ta fi ƙarfin ƴan mintocin da ake ba ni gaban makirofo.

Maganar zaurukan karatu ce, waɗannan gurup-gurup na WhatsApp da Facebook inda matasanmu, musamman mata, ke taruwa suna karanta littattafan labari na Hausa, suna muhawara, suna jiran shafin gobe. Kwanan nan suka ta yi yawa a kansu, kuma daga ɓangare biyu take zuwa. Na farko su ne masu kiran waya suna cewa lalata ce zalla, duk mai gida ya ƙwace salular matarsa, duk uba ya fitar da ɗiyarsa. Na biyu kuwa ƴan'uwana ne da muka zauna benci ɗaya a CEG da lise, masu taɓe baki suna cewa wannan ai ba adabi ba ne, shirmen ƴan Kano ne. Ɓangarorin nan biyu ba su taɓa jituwa kan komi ba, sai kan wannan. Ni kuwa na ce dukkansu sun yi kuskure, kuma kuskuren na iya janyo mana asara.

Bari in fara da tambaya. A ƙidayar 2012, mutanen komin ɗin El Alasan Mairairai sun haura 60,000. Yarinyar da ke cikinsu, wadda Allah ya sa ma son labari, ina za ta samu littafi? Ku zaga kasuwar mako. Za ku iske mai tabarma da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, Allah ya saka mashi da alheri. Za ku iske mai kaye da bik lokacin komawa lakkwal. Littafin labari fa? Sai dai a yi saƙo Maraɗi, tafiyar da ta haura kilomita 100 daga Tasawa ma, balle daga ƙauyukan arewa inda mota ke nutsewa cikin rairayi. Kuɗɗin motar kaɗai ya ninka na littafin. To ga shi salula ta kawo ɗakin karatu har cikin ɗaki, da megan dala ashirin ko arba'in, sai yanzu ne muka tuna muna da ra'ayi kan abin da ya kamata a karanta.

Ku dubi wace ce cikin zaurukan nan. A ƙasar nan, mata uku cikin huɗu ana yi masu aure kafin su cika shekara 18, kuma jiharmu ta Maraɗi tana sahun gaba a wannan lissafi. Yarinya ta kai CM2, ko ta taɓa aji ɗaya ko biyu na CEG, sai a ɗaura aure. Daga ranar nan ba mai sake miƙa mata takarda, in ba katin awo ba. Faransancin da ta koya da ƙyar, wanda ba a yi da shi a gida, ba a yi da shi a rijiya, shekara uku ta isa ya bushe ƙarƙaf. Duk wanda ya taɓa aikin yaƙi da jahilci ya san wanga ciwo: koya ma mutum baƙi abu ne mai sauƙi, riƙe shi ne aiki. Karatu kamar igiyar guga yake, in an bar jan ta sai ta ruɓe. Abin da ke sa matar nan ta zauna ta bi layi ɗari, layi ɗari biyu kowane dare bayan yara sun yi barci, shi ne labarin nan da kuke raina ma wayo. Ka ƙwace salular, ba Victor Hugo za ta koma karantawa ba. Ba za ta sake karanta komi ba.

Akwai kuma wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Mu da muka yi lakkwal da Faransanci, yaya muke rubuta harshenmu? "Ina kouana", "tchikin gari", "moun gode". Ni kaina sai da aikin rediyo ya tilasta mani na zauna na koyi ƙa'ida. Gwamnati ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, an fitar da ƙa'idar rubutun Hausa ta ƙasa a 1999, amma har yau mai digiri na rubuta ma uwarsa saƙo da haruffan Faransa. Ku je ku duba yadda ƴan zaurukan nan ke rubutu bayan shekara guda. Ba cikakkiyar ƙa'ida ba ce, marubutan intanet su ma suna da nasu ɓarin, suna haɗe kalmomi, suna watsar da ƙugiyar ƙ da ɗ. Amma "kouana" ta koma "kwana", "tch" ta koma "c". Ba mushe, ba allo, ba bulala. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. An yi ta guɗa. To harshen ƙasa da wa zai karanta shi? Masu karanta shi kullum, da kuɗɗin aljihunsu, su ne waɗannan da ake cewa a kora daga zaure.

Wadda ba ta iya karatun ba ma ba a bar ta baya ba. Za ka ga wata ta ɗauki shafin yau ta karanta shi a bokal, ta tura ma ƙawayenta, ana daka ana saurare. Mu ma'aikatan rediyo ya kamata mu ji kunya kaɗan a nan, don aikinmu ne suke yi mana kyauta.

Yanzu ga ƴan'uwana ƴan boko. Kun ce ba adabi ba ne. Wannan waƙar tsohuwa ce. Lokacin da littattafan soyayya suka cika Kano, bayan Hafsat Abdulwaheed ta buɗe hanya da So Aljannar Duniya a 1980, aka zo zamanin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, haka aka yi ta cewa. Har suna aka laƙaba masu na raini, wai Adabin Kasuwar Kano. Malaman jami'a sun shekara da shekaru suna kai ruwa rana a jaridu, Ibrahim Malumfashi na suka, Abdalla Uba Adamu na karewa. A 2007 har tara littattafan aka yi a wata makarantar ƴan mata a Kano aka cinna masu wuta, gwamnan lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, yana wurin. Me ya biyo baya? Labaran sun fita daga takarda sun shiga waya, inda ashana ba ta kai. Littafin Balaraba kuwa, Alhaki Kuykuyo Ne, an fassara shi da Ingilishi a 2012, a Indiya ma aka buga shi, ana nazarinsa a jami'o'in waje. Abin da aka kira shara jiya, yau da shi ake samun digiri.

Kuma ba sai mun tsallaka iyaka ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta, a 2022 wa ta lashe ta? Amira Souley, ɗiyar Maraɗi, da labarinta Garar Biki. Shekara guda kafin nan Nana Aicha Hamissou Abdoulaye, ita ma daga Maraɗi, ta zo ta biyu. Sun kara da ɗaruruwan marubutan Najeriya, a harshen da makarantar gwamnati ba ta ba muhimmanci ba a nan, suka ɗauko mana girma. Ranar nan kowa ya yi ta tura hotunansu yana cewa ɗiyanmu ne. To marubuci ba daga sama yake faɗowa ba. Sai an yi dubban masu karatu kafin a samu mai rubutu guda, kamar yadda sai an shuka gona kafin a zaɓi iri.

In tambaye ku ma, tsakani da Allah, ku masu taɓe baki: yaushe rabonku da littafi? Ba takardar biro ba, ba darasin da za ku ba yara gobe ba. Littafi, daga bango zuwa bango. Da yawanmu tun da muka aje jarrabawar bak muka yi sallama da shi. Muna iya jero sunan Boubou Hama da Abdoulaye Mamani kamar lissafin sau, amma matar da kuke raina ta karanta shafi dubu a shekarar nan, ku ba ku karanta hamsin ba.

Na dawo kan masu maganar tarbiyya, don su ne ke da hujja mai nauyi, kuma ba zan yi kamar ban gan ta ba. E, akwai batsa. Akwai marubutan da suka gano cewa ƙazanta na sayuwa, suna zuba ta, har da zaure na musamman da ake biya a shiga. Akwai kuma labaran da ba batsa ciki amma kullum jarumin ɗan mai kuɗɗi ne, gidan bene a Abuja, hutu a Dubai, har yarinyar Mairairai ta fara ganin gidan ƙasa da rumbun hatsin mijinta kamar hukunci. Wannan na biyun ma ya fi damuna, don shi ba ya jin kunyar shiga ko'ina. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Batsar nan tana cikin waya ko da zaure ko babu, a bidiyo ma ta fi yawa, kuma bidiyo ba ya buƙatar a iya karatu. Bambancin zaure shi ne akwai idon jama'a. Akwai shugabar zaure da ke gogewa, akwai yaya da ke tsawatarwa, akwai malama da za ta ce wannan littafin ba a nan ba. Na ga zauren da aka kwana uku ana gardama kan ko jarumar wani labari ta kyauta da ta kai ƙarar mijinta gaban alƙali, har aka kawo maganar malamai, aka kawo ta kakanni. A wane aji aka taɓa barin mata arba'in su yi irin wagga muhawara? In ka fitar da yarinya daga nan, ka raba ta da masu tsawatarwa, ka bar ta ita kaɗai da wayar ƙawarta.

Su ma ƴan zauren ina da magana da su, kada su ce na zo yi masu kirari. Ku daina satar littafi. Marubuciya ta kwana tana danna waya da yatsa biyu wata uku, ta ce a biya ɗan abin da bai kai kuɗɗin kati ba, har ta aje lambar wakili don mutanen Nijar su tura ta Nita ko Amana, sai mutum guda ya biya ya watsa ma zaure goma. Wannan cin haƙƙi ne, ko an sa mashi sunan zumunci. Kuma shi ne ke korar masu rubutun kirki, ya bar fili ga masu ƙazanta, don su ne kaɗai ake rububin biya. In dala ɗari ta yi ma mutum ɗaya yawa, ku yi asusu kamar yadda kuke yi na biki, ku nemi izinin marubuciyar.

Sannan ku faɗaɗa tukunya. Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, waɗanda suka fito daga gasar Zariya ta 1933, da Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, duk Hausa ce mai daɗin da za ta gyara maku baki da alƙalami. Kuma labari na nan ƙarƙashin ƙafafunmu. A watan Yuli na 1899, a nan ƙasar Tasawa, sojan Faransa Voulet ya sa aka harbe babbansa Kanar Klobb a Ɗankori, bayan ayarinsu ya ƙone garuruwa tun daga yamma. Kwana biyu zuwa uku bayan haka nasu sojojin suka kashe shi da abokinsa Chanoine, kaburburansu na nan Maijirgi, a bakin hanyar Damagaram. Ayarin nan ne Sarauniyar Lugu ta tsaya ma, shi ne labarin da Abdoulaye Mamani ya rubuta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Yara nawa ne a zaurukan nan suka san cewa ƙarshen wannan ayari a ƙofar gidansu ya faru? Sun san unguwannin Abuja da ba su taɓa gani ba, ba su san Ɗankori ba.

A nan ne aikin ƴan boko yake, in da gaske suke. Kai da ka iya Faransanci, shiga zauren, ɗauki littafin Mamani ka ba da labarinsa da Hausa, babi-babi, a bokal, kowace Juma'a. Ke malamar lakkwal, ki riƙa gyara masu ƙa'idar rubutu cikin raha, kalma biyar a mako. Malam mai wa'azi, maimakon a ƙwace waya, kawo tarihin Nana Asma'u ɗiyar Shehu da ƴan tarunta, matan da suka riƙa bin ƙauyuka suna kai ma mata karatu tun kafin a haifi kakanninmu. Ɗan cirani da ke turo kuɗɗin mega, tambayi ƙanwarka me take karantawa, ka sa ta ba ka labarin.

Masu riƙe da komin-komin ɗinmu na Mayahi da Tasawa kuma, ba mu ce ku gina bene ba. Ɗaki guda kusa da kasuwa, da sola mai cajin waya ashirin, da akwati biyu na littattafan Hausa da Faransanci, da mutum ɗaya mai riƙe mabuɗi. Ranar kasuwa mata su aje waya a caji, su ɗauki littafi, su maido mako mai zuwa. Duk zauren karatun da ke cikin yankin nan, shugabarsa ko shugabansa ya aiko mani da sunan littafin da suke kai yanzu da garin da suke, zan karanto su a shirin ranar Lahadi bayan sanarwowi.