Yadda Ya Kamata A Yi Wa Mashayin Taba Magana A Asibiti

Sau da yawa abin da mashayin taba sigari yake samu a asibitocinmu shi ne tsawa: a ce masa taba tana kisa, ya daina, sa'an nan a kira na gaba. Alhali kuwa ya riga ya sani. Gargaɗin yana rubuce a jikin kwalin da ke aljihunsa. Abin da ya rasa shi ne wanda zai nuna masa yadda zai yi da jarabar sinadarin nikotin, wadda takan kawo ƙunci da saurin fushi da rashin barci, musamman a makon farko.

A 1979 Michael Russell da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon wata hanya da suka gwada a Landan. Likitoci suka ba mashaya gajeruwar shawara da 'yar takarda, suka kuma gaya musu za a sake tuntuɓarsu. Bayan shekara guda kimanin 5 cikin 100 sun rabu da taba, amma cikin waɗanda ba a ce wa kome ba, ko 1 cikin 100 ba a samu ba. Adadin kamar kaɗan ne, sai an tuna yawan jama'ar da ke shiga ɗakin likita kullum.

Mu a ganinmu gwanintar tana wajen tambaya da saurare. A ƙasarmu dattijo ba zai amsa wa yaron likita cewa yana shan taba ba, balle a gaban ɗansa. Tsohuwa kuwa ba ta lissafa taba gari da take sa wa a baki cikin taba. Sai a keɓe, a tambaya cikin ladabi: "Baba, me tabar take yi maka? Ka taɓa gwada bari?" Dalilin da ya fito daga bakin mutum ya fi zama a zuciyarsa. Wanda ya koma sha kuma kada a kunyata shi, domin galibin waɗanda suka daina sai da suka gwada sau da yawa.

Dokar taƙaita shan taba ta Nijeriya ta 2015 ba za ta zauna da majinyaci ba. Muna kira ga makarantun likitanci da na aikin jinya su koyar da wannan hira kamar yadda suke koyar da allura. Ga kuma watan azumi, lokacin da mashayi ke wuni bai kunna ba: a taimake shi ya tsai da ranar bari tun cikin Sha'aban, a kuma ba shi ranar dawowa asibiti bayan Salla.