A Auna Sandar Fatsa Da Giwan Ruwan Binuwai

Idan Salla ta gabato, 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal sukan shiga kasuwa neman tsarabar da za su kai gida. Cikin kayan da kan ɗauki idon mutumin Adamawa a kantunan Kurmi akwai sandar fatsa irin ta Turawa, mai injin naɗe zare, tare da koton ƙarya mai sheƙi a cikin ɗan akwati. Mutum ya tuna kogin Binuwai, ya tuna Tafkin Geriyo na Jimeta da fadamun da ke tsakanin Yola da Mbamba, sai ya zaro kuɗi ya biya ba tare da ya tambayi komai ba.

To, tsarabar ba ta da laifi. Hasali ma ta cancanci a ƙarfafa wa jama'a guiwa a kanta. Amma akwai sharuɗɗa biyu. Na farko a saye ta daidai da kifin da ke cikin ruwan gida, na biyu kuma a yi aiki da ita ta hanyar da za ta bar wa na baya abin kamawa.

Da yawa daga cikin sandunan da ake shigowa da su an ƙera su ne saboda wani kifi na Amurka da ake kira bas. Ɗaya daga cikin mafiya girman irinsa da aka rubuta a tarihi, wanda aka kama a jihar Jojiya a 1932, nauyinsa kilo 10 ne da 'yan kai. Shi kuwa giwan ruwa, wanda shi ne sarkin kifayen Binuwai, yana iya zarce kilo 100. Kifin da ya ci gasar Argungu a 2020 kilo 78 ne. Halinsu ya yi kama, domin dukansu mafarauta ne masu laɓewa a gindin dutse ko kututture su auka wa ƙaramin kifi, shi ya sa koton ƙarya yake yaudarar su duka. Amma wanda ya je wa giwan ruwa da kayan bas, kamar wanda ya ɗaure bijimi da igiyar akuya ne.

Saboda haka mai saye ya fara da duba sandar. Wadda ta dace ita ce mai tsawon ƙafa 7 zuwa 8, mai ƙarfi a gindi, mai ɗan lanƙwasa a kai. A jikin sanda, kusa da mariƙi, akan rubuta nauyin zare da na koton da take ɗauka. A karanta wannan rubutu, in ba a iya ba a sa yaro ɗan makaranta ya karanta. Sandar da aka yi da zaren gilashi ta fi nauyi a hannu, amma ta fi jure wahalar kwale-kwale da ta mota, kuma ta fi araha. Ta kabon ba ta da nauyi, sai dai idan ta bugu da dutse ko ƙofar mota takan karye daga baya. Wanda zai yi tafiyar kwana da yini daga Ikko zuwa Yola ya nemi mai rabuwa biyu, ya zura ta cikin bututun roba na famfo. Kazalika ya bi zobban da zare ke ratsawa ɗaya bayan ɗaya da yatsa, domin zobe mai tsaga shi ke cinye zare a ɓoye.

Injin naɗi iri biyu ne. Akwai mai rataya a ƙarƙashin sanda, wanda kwarkwaronsa ba ya juyawa lokacin jifa, akwai kuma mai zama a bisa sanda, wanda kwarkwaronsa ke juyawa. Na biyun yana da ƙarfi, amma sabon shiga zai sha fama da cukurkuɗewar zare. Na farkon ya fi dacewa da mai koyo. A zaɓi wanda zai ɗauki zare yadi 200, domin babban giwan ruwa idan ya ji ƙugiya gudu yake yi da zare. A cika kwarkwaro har ya rage kamar kaurin tsinken ashana kafin baki. In ya cika ya batse zare zai zubo a dunƙule, in kuma ya yi ƙasa jifa ba za ta yi nisa ba.

Abin da ya fi komai muhimmanci a jikin injin shi ne birkinsa, kuma shi ne aka fi jahilta. Mutane da yawa sukan murɗe shi tamau, suna zaton haka ne ƙarfi, alhali kuwa aikin birki shi ne ya saki zare kafin zaren ya tsinke. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce a saita shi a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. Wato idan zare mai ɗaukar laba 40 ne, birki ya fara saki a wajen laba 10 zuwa 13. Ana iya gwadawa a gida da sikelin rataya irin na masu awo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da zare kuwa, na nailan mai laba 30 zuwa 40 ya isa ga mai farawa. Akwai kitsattse, wanda ya fi siriri da ƙarfi, amma yana da tsada, yana yanka yatsa, kuma sai an fara naɗa ɗan nailan a ƙarƙashinsa don kada ya riƙa sulɓewa. Ko wanne aka ɗauka, lalle a ƙara wani guntu mai kauri a ƙarshe, kamar yadi ɗaya, saboda ƙashin da ke rufe kunnen giwan ruwa kaifi gare shi. Inda tsage yake da yawa sai a sa 'yar waya, don haƙoransa ba su barin nailan. A jiƙa ƙulli da yawu kafin a ja shi ya ɗaure, in ba haka ba zafin gogayya zai raunana shi.

Koton ƙarya ba sai an tara akwati guda ba. Iri uku sun wadatar: cokali mai sheƙi, da ɗan kifin katako ko na roba mai leɓe wanda ke nutsewa idan ana ja, irin wanda kamfanin Rapala na ƙasar Finlan ya yi suna a kai, sai kuma kifin roba mai taushi. A zaɓi mai tsawon inci 5 zuwa 7, mai kalar kawara ko ƙaramar karfasa, tun da su giwan ruwa ya saba ci. Cokali yana murɗe zare, don haka a sa masa maɗauri mai juyawa. Ƙugiyoyin da ke zuwa da koto mai araha sukan miƙe a bakin babban kifi, gara a canza su tun da wuri. Araha ba ta ado. Kuma koton ƙarya da ido kifi ke bin sa, saboda haka lokacinsa rani ne, sa'ad da Binuwai ya janye ruwa ya yi garau, da sassafe ko da la'asar sakaliya. A watan Agusta da Satumba, lokacin da kogi ya cika ya yi ja, koton gaske ya fi shi aiki.

Wani zai ce duk wannan wasan masu kuɗi ne, masunci mai iyali ba zai ajiye taru da birgi da kalli ya riƙi sanda ɗaya ba. Wannan magana gaskiya ce, kuma babu mai hankalin da zai nemi ya ajiye su. Bata da Jukun da Hausawa masunta sun ci abinci a wannan kogi tun kafin a san injin naɗi. Amma a dubi halin da ruwan yake ciki. Tun da Kamaru ta gama madatsar Lagdo a 1982, cikowar Binuwai ta daina bin tsohon tsarinta. Wata shekara fadamun da kifi ke haihuwa ba su sami isasshen ruwa ba, wata shekara kuma, kamar 2012 da 2022, ambaliya ta share gonaki da gidaje. Tafkin Njuwa na Yola, wanda ya yi suna da bikin su, ya sha janyewa. A kan wannan kuma ga masu zuba guba a ruwa, ga masu jan gidan sauro suna kwashe 'ya'yan kifi, ko da yake dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki.

A irin wannan hali fatsa tana da wata fa'ida da guba da ƙaramar raga ba su da ita: kifi ɗaya take kamawa, kuma da ransa yake isowa hannu. Mai sanda yana da damar ya duba, ya zare ƙugiya, ya mai da ƙarami ruwa. Macen giwan ruwa ta fi namiji girma, kuma takan yi tsawo sosai kafin ta fara ƙwai. Duk wanda bai kai ƙafa 2 ba, a sake shi. Wanda ya zo hutu daga Kurmi da albashinsa a aljihu ba shi da hujjar soya ɗan giwan ruwa mai tsawon tafin hannu.

Haka nan kuma ruwa yana da masu shi. Kafin baƙo ko ɗan gari ya jefa koto, ya je ya gai da Sarkin Ruwa, ya ji inda aka hana su da inda aka kafa raga, ya kuma ji inda dorina ke kwana. Ya ɗauki ɗan masunta ya tuƙa shi, ya biya shi hakkinsa. Shi ya san gurbi da dutsen da ke ƙarƙashin ruwa, abin da ba a rubuta a jikin kwalin sanda ba.

Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, wadda hedkwatarta ke Mbamba a kan hanyar Fufore, ita ke da aikin noman rani a Geriyo. Ya kamata ta haɗa kai da sashen kifi na Jihar Adamawa da sarakunan ruwa, a tsai da girman kifin da ba a yarda a fitar ba, a kafa allo a kowace mashaya da Hausa da Fulatanci. Ƙungiyoyin 'yan Adamawa da ke Agege da Sabon Badun su ma suna iya sa hannu, ko da da kuɗin allon ne, tun da mutanensu ne ke kai sandunan. Allah Ya kai matafiya gida lafiya, Ya kuma albarkaci kogin.