Babba Juji Ne

Duk wanda ya taso daga Sakkwato a mota, ya ratsa Aliero, ya sauka Jega, ya wuce Maiyama, abin da zai fi gani a bakin hanya samari ne. Waɗansu suna loda buhunan albasa, waɗansu suna bisa babura suna jiran fasinja, waɗansu kuwa ɗalibai ne na jami'ar nan da aka kafa a Aliero cikin 2006. Kowanensu so ya ke a ce da shi namiji, wannan kuwa ba laifi ba ne. Abin da ya dame mu shi ne mudun da a ke auna mazantaka da shi a zamanin nan.

A majalisar samari a kan ce namiji shi ne wanda ba a taka shi ya ƙyale, mai kuɗin kashewa ko ta wace hanya suka zo, wanda in ya daka tsawa a gida kowa ya shiga taitayinsa. Wannan mudu ya jawo mana hasara mai yawa. Saboda shi yaro ya ke shan ƙwaya don a ce ba ya gajiya, ba ya tsoro. Saboda shi masu neman zaɓe su ke samun 'yan gora da araha, saboda shi kuma a ke sakin mace da goyo a kan miya. Binciken da aka yi da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya cikin 2018 ya nuna mutum miliyan 14 da dubu 300 ne suka sha miyagun ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara guda. A watan Mayu na 2018 kuma Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Doka ta iya rufe kanti, amma ba ta iya shiga zuciyar yaro ta gyara abin da ya ɗauka shi ne girma.

Galibin mutanen waɗannan garuruwa Musulmi ne, malamai kuwa ba su gaza ba wajen gargaɗi. Amma akwai Kirista zaune tare da su, 'yan kasuwa da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ɗalibai, waɗansu daga ƙasar Zuru, waɗansu daga Kudu. 'Ya'yansu ma ba su tsira daga wannan cuta ba. Saboda haka muka ga ya kyautu yau mu duba amsar da addininsu ya ba da, tun da ya ke Littafinsu yana nan cikin Hausa cikakke tun 1932, bayan aikin da Likita Mila na Zariya ya yi tare da waɗansu.

Amsar dai ita ce, girman namiji nauyin da ya ɗauka domin waɗansu ne. Balaga kyauta ce, kowa ya kan same ta da shekaru, amma girma sai an yi masa wahala. Littafin ya ba da labarin Yakubu, wanda ya yi wa Laban bauta shekara 7 domin ya auri Rahila. Mutanen Zuru ba sa bukatar a yi musu fassarar wannan labari, gama a al'adarsu ta golmo saurayi ya kan yi shekaru yana noma a gonar surukansa kafin a ba shi mata. Ba mu ce a komo da golmo ba. Amma kakanninsu sun gane abu guda: a ga ƙoƙarin yaro a bakin garma tukuna, sa'an nan a damƙa masa 'yar mutane. Manzo Bulus ma, da dukan iliminsa, ɗinkin tanti ya ke yi ya ci da kansa, ya kuma hori mutanen Tasalonika kada su riƙa ciyad da mai lafiya wanda ya ƙi aiki.

Wajen ƙarfi kuwa, Kirista suna da Samson, wanda ba a taɓa yin irinsa ba, ga shi ya kasa mallakar zuciyarsa, har abokan gaba suka ƙwaƙule masa idanu suka sa shi niƙa. Shi kuwa Yesu, wanda su ke ɗauka shi ne cikakken misalin mutum, a daren da za a kama shi ɗaura tawul ya yi, ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bara ne ke yinsa. Da Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen wani bawa don ya kare shi, sai ya tsawata masa ya mai da takobin kube. Haka kuma da Bulus ya rubuta wa Timoti sharuɗan wanda za a ba shugabancin ikkilisiya, bai ambaci dukiya ko faɗin ƙirji ba. Abin da ya ce a bincika shi ne, ko mashayi ne, ko mai saurin hannu ne, ko mai kwaɗayin kuɗi ne, yaya kuma ya ke riƙe da gidansa. Watau a tambayi matarsa da 'ya'yansa kafin a tambayi abokansa.

Mun sani waɗansu samari za su ce wannan koyarwar ragwaye ce, duniyar yau kuwa mai sanyi a kan murƙushe shi. To, sai mu ce su je Aliero su kalli masu ɗori, waɗanda a ke kawo musu karyayyu daga nesa. Karya ƙashi ba gwaninta ba ce, jaki ma ya kan yi da harbi ɗaya. Amma mai ɗori sai ya yi shekaru a gaban magabatansa yana koyo, sai ya zama mai ƙarfin hannu da sanyin rai, ya jure ihun majiyyaci har ƙashi ya koma wurinsa. Tsakanin mai karyawa da mai ɗorawa, wane ne gari ya ke alfahari da shi? Mai haƙuri ba rasa ƙarfi ya yi ba, linzami ya sa masa.

Hausawa sun riga sun taƙaita zancen da suka ce babba juji ne, kowa ya zo da shara sai ya zuba. Musulmi ma da ya karanta wannan zai ga ba baƙon abu ba ne gare shi, domin ciyad da iyali da haɗiye fushi suna cikin abin da a ke koya masa tun yana makarantar allo. Ashe ke nan ba saɓanin koyarwa ke damunmu ba, ƙarancin masu nuna ta a aikace ne.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ikkilisiyoyin Jega da Aliero da Maiyama su tuna da ƙungiyar nan ta Boys' Brigade, wadda William Smith ya kafa a Gilasgo cikin 1883, ta iso Ikko cikin 1908. An kafa ta ne musamman don a raini yara su zama mazaje masu ladabi da kamun kai. Kada ta tsaya ga bushe-bushe da fareti ran biki. A haɗa kowane yaro da dattijo mai sana'a, manomi ko kafinta ko makanike, ya koya masa aiki da hali gaba ɗaya. Iyaye maza kuma su sani ɗa ba ya jin wa'azin coci in ya ga uwarsa tana kuka a gida. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Allah ya ba mu mazaje masu ɗaukar nauyi, amin.