Mu Daina Dogaro da Font Ɗaya Wajen Rubuta Hausa

’Yan uwana ɗalibai, ni Hausa ba harshen gidanmu ba ce. A kasuwa na fara jin ta, a aji kuma na koyi rubuta ta. Na sha jan biro kafin hannuna ya saba da bambanta baki da baƙi, fada da faɗa, kafa da ƙafa. Shi ya sa abin da ya same ni ya yi mini ciwo, har na ga ya kamata mu tattauna shi.

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Da na ji haka sai na kai kwamfutata wajen wani mai gyara a nan Titin Bauchi don ya sa mini Windows 11. Ya kwafe takarduna a fulash, ya wanke kwamfutar tas, ya ɗora sabuwar manhaja. Ina komawa ɗaki na buɗe babi na biyu na kundin digirina, sai ga “qasa” a gurbin ƙasa, “xalibi” a gurbin ɗalibi, “vera” a gurbin ɓera. Ga shi saura kwana uku in miƙa wa malamin da ke duba aikin.

Da farko na ɗora wa mai gyaran laifi. Daga baya na gane cewa nawa laifin ya fi nasa. Font ɗin da nake amfani da shi irin na da ne, wanda ake ɗaukar harafin da Hausa ba ta amfani da shi, kamar q da x da v, a zana masa siffar harafi mai ƙugiya. Ido na ganin ƙ, amma a wajen kwamfuta q ce. Da aka wanke na’urar font ɗin ya tafi, sai haruffan suka koma asalinsu.

Ba raina wannan dabara nake yi ba. Lokacin da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami’ar Bayero ya samar da irin waɗannan font a shekarun 1990, ya share wa marubuta Hausa hawaye. Amma kowane zamani da nasa kayan aiki. A tsarin Unicode kowane harafi yana da lambarsa: ƙ tana da 0199, ɓ 0253, ɗ kuma 0257. A cikin Word, idan ka ba da tazara ka rubuta lambar, sannan ka danna Alt tare da X, harafin zai fito. Mafi sauƙi ma, Windows tana da kibod ɗin Hausa a sashen zaɓen harsuna. Harafin da aka rubuta ta haka ba ya rikiɗa ko an canja kwamfuta ko an tura shi ta waya.

Wani zai ce ai sai a sake sa tsohon font ɗin, magana ta ƙare. Haka ne, a kwamfutarka. To, ta shagon buga takardu fa? Ta malamin da zai karanta aikin fa? Kuma duk mai neman kalmar “ƙasa” a intanet ba zai tarar da rubutunka ba, domin “qasa” ka ajiye.

Ni dai da Ctrl da H na musanya haruffan. A nan ma gaggawa ta cuce ni, domin na sauya kowace v da ɓ a lokaci guda, sai sunayen littattafan Ingilishi da ke manazarta suka lalace. Dole na bi su ɗaya bayan ɗaya har dare ya raba.

Shawarata ita ce, kafin ka kai kwamfuta a sabunta ta, ka ajiye aikinka wuri biyu, ɗaya a matsayin PDF, ka kwafi font ɗinka. Ƙungiyarmu ta ɗalibai kuma ta ware rana guda ta koya wa ’yan aji ɗaya rubuta Hausa da Unicode. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace.