Tekun da Muka Ƙetare Ba Mu Leƙa Ba

Idan aka ambaci Bahar Maliya a zaurukan Mai Wurno da sauran ƙauyukanmu na Jazira da Nil Azrak, abin da yake fara zuwa zuciya shi ne jirgin alhazai. Haka muka gada. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa suna fuskantar gabas, wasu tun kafin zuwan Nasara, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'ar da ta rage, har suka sauka a bakin wannan kogi wajen 1906. Wanda Allah ya nufa da ƙarasawa Makka yakan yi shekaru yana noman dawa da auduga, ya tara guzuri, ya nufi Sawakin, ya hau jirgi zuwa Jidda. A wurinsa teku mashigi ne mai ban tsoro, addu'arsa kawai a wuce lafiya. Babu mai ganin laifinsa, domin wanda ya yi tafiyar shekaru a ƙasa ba kallon kifi ya fito ba.

Mu jikokinsa kuwa mun zauna. A nan aka haife mu, a nan kaburburan iyayenmu suke. Saboda haka ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da iyalai da ƙungiyoyin matasanmu za su sa ziyarar gaɓar tekun nan da tsibiranta cikin shirinsu, su je da niyyar leƙa abin da Allah ya ajiye a ƙarƙashin ruwan, su dawo su ba da labari da harshenmu.

Abin da ake bukata bai kai yadda ake zato ba. Akwai nutso mai zurfi, wanda ake goya tukunyar iska a baya, shi kam sai da horo da kuɗi masu yawa. Wanda muke nufi ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba: gilashin da ke rufe idanu da hanci, da ɗan bututu mai lanƙwasa da ake riƙewa a baki ƙarshensa yana sama da ruwa, da takalman roba masu faɗi irin ƙafar agwagwa. Mutum ya kwanta rub-da-ciki a saman ruwa, fuskarsa a ciki, yana numfashi ta bututun, yana kallon ƙasa. Shi ke nan. Ruwan ma yana taimakonsa, domin gishirin Bahar Maliya ya kai kusan giram 40 a kowace lita, alhali na yawancin tekuna 35 ne, jiki kuwa ya fi saurin tasowa a ruwan gishiri. Kuma da yake babu wani kogi mai gudu duk shekara da yake zuba laka a cikinsa, ruwan garau yake. Mu da muka saba da Nil Azrak a watan Agusta, lokacin da yake gangarowa da ƙasar Habasha har mutum ba ya ganin tafin hannunsa a ciki, sai mun gani za mu yarda.

Gaɓar da Sudan take da ita a wannan teku ta haura kilomita 700. Kimanin kilomita 25 daga gaɓa, ta arewa maso gabas da Bur Sudan, akwai Sanganeb, wani zoben murjani da ya taso daga zurfin ɗaruruwan mitoci, da dogon hasumiyar fitilar jiragen ruwa a kansa. An mai da shi wurin da doka ta kare tun 1990. Can arewa, kimanin kilomita 125 daga birnin, akwai Dungunab da tsibirin Mukawwar, inda ake samun kififiyar teku, da wani kifi mai faɗi kamar tabarma da ke shawagi cikin ruwa tamkar tsuntsu, da wata dabba mai cin ciyawar ƙarƙashin ruwa wadda 'yar'uwar ayu ce, ayun nan da masuntan ƙasar Hausa suke ba da labarinsa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa waɗannan wurare biyu cikin jerin kayan gadon duniya. A Sha'ab Rumi kuma, a 1963, Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya gina ɗakuna a ƙarƙashin ruwa, mutanensa suka yi wata guda cur suna zaune a zurfin mita 10. Kusa da bakin tashar Bur Sudan ma ga jirgin Italiya mai suna Umbria a kwance, wanda ma'aikatansa suka nutsar da gangan a watan Yuni na 1940 don kada ya faɗa hannun Ingilishi da lodin bama-baman da ke cikinsa. Kafin yaƙin nan, mutane sukan taso daga Italiya da Jamus da Faransa su biya kuɗi mai tsoka don su yi mako guda a waɗannan wurare. Nawa ne daga cikinmu suka taɓa jin sunayensu?

Abin mamaki, kalmar murjani ba baƙuwa ba ce a bakinmu. Kakanninmu mata sun yi ado da jan murjani a wuya da hannu, yana cikin kayan da ake gado. Wancan daga Bahar Rum fatake suke kawo shi ta hamada. Na Bahar Maliya danginsa ne, sai dai shi gini yake yi. Ƙananan halittu ne masu rai, yawancinsu ba su kai ƙwayar dawa ba, suna fitar da farin dutse a jikinsu, na baya su ɗora a kan na gaba, har a sami tudu da ganuwa a cikin teku. Da wannan dutse aka gina tsohuwar Sawakin, gidajenta da masallatanta. Alhazanmu na dā sun kwana a inuwar bangon murjani suna jiran jirgi, ba su san cewa mai ginin yana nan da ransa a gefensu ba. Tun da aka buɗe tashar Bur Sudan a 1909 Sawakin ta fara mutuwa, gidajenta suna zubewa, amma magininta na cikin ruwa bai daina aiki ba.

Mun san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. Ƙasa tana cikin yaƙi tun 15 ga Afrilu 2023. Madani ta faɗi a Disamba na wannan shekarar, Sinja ta bi a Yuni 2024, kuma ko da aka karɓe su daga baya, gidaje nawa ne suka koma yadda suke? Bur Sudan ɗin ma jirage marasa matuƙi sun kai mata hari a Mayu 2025. Mutane da yawa sun ga teku a karon farko ne a matsayin 'yan gudun hijira, suna kwana a makarantu. Wa zai yi zancen shaƙatawa da mai neman abin da zai sa a tukunya?

Ba mu ce kowa ya ɗauki jaka gobe ba. Sai hanya ta yi lafiya, sai an ci an ƙoshi. Amma akwai dalilin da ya sa muke ganin zancen ya dace da yanzu. Ba mu manta da Yuli 2022 ba, lokacin da jini ya zuba a Damazin da Rusairis, aka riƙa cewa Bahaushe baƙo ne, ba shi da ƙasa. Mun amsa da tarihi: hannunmu yana cikin aikin Jazira tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, gumin iyayenmu yana cikin kowace hawasha. Amsa ce ta gaskiya, amma ba ta cika ba. Muddin mun san ƙasar nan ta wajen aiki kaɗai, muna shiga gona mu fito, muna bin hanya mu wuce, to mu da kanmu muna riƙe da ita riƙon ɗan ƙodago. Mai gida shi ne wanda ya san ɗakunan gidan duka, har da wanda aka ajiye kayan ado. Yaron Mai Wurno da ya ga Sanganeb da idonsa zai ce "tekunmu" ba tare da ya ji nauyin bakinsa ba, kuma ranar da wani zai zo fasa murjanin ko zuba masa dagwalo, zai ji zafin abin kamar an taɓa gonar ubansa.

Bayan haka, mu mutanen ruwa ne. Daga Kabi da Argungu aka san masuntanmu, kuma a Sudan ma komarsu ta shiga Sinnar da Rusairis da Hashmul Girba. Al'ummar da ta san halin karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa ba ta rasa 'ya'yan da za su karanci ilimin teku a Jami'ar Bahar Maliya da ke Bur Sudan, ko su zama matuƙa da jagororin baƙi idan zaman lafiya ya dawo. Sai dai yaro ba ya sha'awar abin da bai taɓa gani ba.

To, yaya za a shirya? Farkon shiri ba ya bukatar ko sisi, kuma a gida ake yinsa: koyon iyo. Iya ruwa fid da kai. Kowace damina muna jin labarin yaran da kogi ya ci, alhali ga masunta a cikinmu da za su iya koyarwa. A zaɓi lokacin da ruwa ya janye, a wurin da su masuntan suka amince da shi, a guji magudanan gona saboda tsargiya. Ko ba a taɓa zuwa teku ba, wannan kaɗai riba ce.

Na biyu, kuɗi. Daga Sinnar zuwa Madani, zuwa Gadarif da Kasala, a bi ta Haya da Sinkat a gangara duwatsu zuwa Sawakin, tafiyar ta haura kilomita 1,000. Mutum ɗaya zai ji jiki, amma mutum goma sha biyar da suka yi shekara suna zuba adashi, wanda a nan muke kira sanduk, za su iya ɗaukar mota ɗaya, su yi hayar kwale-kwale ɗaya, su sayi gilashi biyar su riƙa karɓa-karɓa. Yadda muke haɗa kuɗin biki da na Umra, haka za a haɗa wannan. Kuma da wuya a rasa dangi a Gadarif ko Kasala ko Bur Sudan da za a sauka wurinsu.

Na uku, lokaci. Daga Yuni zuwa Satumba zafin gaɓar teku yakan wuce digiri 40, ga gumi mai naɗe numfashi. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ne jiki yake sakewa, kuma ya yi daidai da bayan girbin dawa. Sai dai a tsakiyar hunturu iskar arewa takan tayar da igiyar ruwa, don haka a bar kwana ɗaya ko biyu na rara, kada a matsa wa matuƙi ya fita ranar da ya ce a zauna.

Na huɗu, masu wuri. Gaɓar nan ƙasar Beja ce, su da masuntan da suka gaji tekun. Mu da muka san ciwon a raina mutum a ƙasarsa, ya kamata mu fi kowa ladabi. A gaishe su, a sha jabanarsu mai citta, a ɗauki jagora daga cikinsu, a biya shi haƙƙinsa, a nemi izinin hukuma kafin shiga wuraren da aka kare. Kada sabon shiga ya fara da Sanganeb, inda gefen murjanin yake yankewa zuwa zurfi kamar bakin rijiya. A fara da lungunan ruwa marasa zurfi da ake kira marsa, irin na wajen Arus a arewacin birnin, inda ruwa yake kwance.

A cikin ruwan kuwa dokokin kaɗan ne, amma ba a wasa da su. Ba a shiga sai mutum biyu-biyu, da wani a kwale-kwale yana ƙirga kawuna. Wanda bai gwanance ba ya sa rigar da ke hana nutsewa, babu kunya a ciki. Ba a taka murjani, ba a ɓalle shi don tsaraba, domin manyan curinsa da ƙyar suke ƙara santimita ɗaya a shekara, abin da dunduniya ta farfasa cikin ƙiftawar ido sai jikoki su tarar bai warke ba. Ba a kai hannu ga abin da ba a sani ba: akwai kifi mai dafi da yake kwanciya kamar dutse, akwai bushiyar ruwa mai dogayen ƙaya, akwai murjanin da ke ƙuna kamar wuta. Leda da robar ruwa a dawo da su gaɓa, domin kififiya takan haɗiye leda ta mutu.

Saura zancen mata, kuma kada a tsallake shi. Hotunan da muke gani na Turawa sun sa wasu suna ɗauka cewa ba a shiga teku sai an tuɓe. Ba haka ba ne. Doguwar riga mara nauyi da wando da ɗankwali mai kama kai sun wadatar, har ma sun fi, domin rana takan ƙone bayan mai kwance a saman ruwa ba tare da ya ji ba. Za a iya ware wa mata kwale-kwalensu ko lokacinsu. Kakanninmu mata sun taka daga Sakkwato da Kano da Katsina da goyo a baya har bakin wannan teku. Ba daidai ba ne a ce jikokinsu su tsaya gadin takalma a gaɓa.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin matasa, da malaman makarantu, da sarakunan ruwa na ƙauyukanmu: a buɗe littafin sanduk, a fara koya wa yara iyo a ranin nan, a rubuta wa dangi na Bur Sudan su bincika mana matuƙi mai amana. Ranar da hanya ta buɗe, kada ta same mu muna tambayar ina aka nufa. Wanda kuma ya riga ya taɓa leƙa ruwan nan a cikinmu, ya zo ya faɗa wa yara abin da ya gani, da Hausa.